Gwaggo da Shirin Bayan La'asar

Ranar Talata da hantsi aka kira ni daga Kabo aka ce Gwaggo ta cika. Na zauna a bakin gado ina maimaita cewa daga Allah muke kuma gare shi za mu koma, kafin azahar ina cikin mota. Yayar mahaifina ce. Ita ta goya shi, ni ma ta goya ni. A Kabo aka yi mata sutura, a gidan 'yarta inda ta ƙarasa kwanakinta, amma Baba ya ce zaman makoki a Gwarzo za a yi shi, a gidanmu na gado, tunda nan aka san ta.

Ta haura tamanin, ta daɗe tana jinya, sa'o'inta duk sun riga ta. Saboda haka na zaci daga dangi sai maƙwabta. Amma a rana ta biyu sai ga mata suna shigowa waɗanda rabona da su tun ina budurwa. Wata tsohuwa ta zo daga Getso da sanda. Wasu uku daga Garo a bayan a-kori-kura. Sai wata Bafillatana daga wajen Jama'a, wadda a da take kawo mana nono. Duk a unguwarmu suka taɓa zama ko suke bi, kafin aure da shekaru su raba kowa.

Aka gaisa, aka yi ya haƙuri, aka shafa fatiha. Tsohuwar Getso ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Allah ya jiƙan Gwaggo. Ni ba don ita ba da zan mutu ban san Doguwa ta auri Likita ba."

Ɗaya daga cikin matan Garo ta ɗago. "Wane Likita? Ai Doguwa gidan ubanta ta koma, ta riƙe gonarta, ba ta ƙara aure ba. Gwaggo da bakinta ta gaya mini."

"A'a fa," in ji Bafillatanar. "Wurin haihuwa ta rasu. Amma ɗan ya rayu, ya zama mutum."

Nan fa murya ta fara tashi a kan tabarmar makoki. Matar kawuna, wadda ta zo daga Kano ba ta san kowa ba, ta matso kusa da ni tana raɗa. "Wai wace ce Doguwa? Ta wane ɗaki ce? Kuma in ta rasu, me ya sa ba a gaya mana ba?"

Kafin in ba ta amsa Baba ya yi sallama ya shigo karɓar gaisuwar mata. Ya ji ƙarshen gardamar. Na san Baba, na kuma san abin da ya taɓa shiga tsakaninsa da yayarsa a kan wannan magana. Na jira ya ce a ji tsoron Allah, gidan mutuwa ne. Sai ya tsaya yana jan carbi, can ya ce, "Babu ko ɗaya a ciki. Hajji ta tafi." Ya juya ya fita yana goge fuska da hannun riga.

Ni kaina ban san dariya zan yi ko kuka ba, har yanzu da nake rubutun nan ban gama sani ba.

Doguwa ba 'yar'uwarmu ba ce. Wata Baturiya ce mai dogon wuya a wani shirin talabijin na ƙasar waje, irin masu dogon zango, wanda ake sakawa da an buɗe tasha bayan la'asar. Da Turanci suke magana, bakin ma ba ya tafiya daidai da muryar. Gwaggo ce ta raɗa mata wannan suna, kamar yadda ta raɗa wa sauran: Likita, Mai Gashin Baki, Tsohuwar Kicin.

Talabijin ɗin ta mijin Gwaggo ce. Shekara ashirin yana aiki a wata masaƙa a Kano, sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka sallame su. Ya dawo Gwarzo da fanka da wannan akwati mai hoto baƙi da fari, bai yi shekara biyu ba ya rasu. Da ta gama takaba ta dawo gidanmu, aka ba ta ɗaki biyu da rumfa. Ta sa aka kafa mata eriya a kan doguwar gora. In hoto ya fara yayyafi, ita da kanta take tashi ta murɗa gorar, tana cewa, "Ya fito? Ku yi magana mana, ya fito?"

Da an sallame la'asar mata za su fara shigowa, kowa da abin hannunta. Mai ɓarar gyaɗa, mai tsintar wake, mai ɗinkin hula, mai kitso da wadda ake yi wa. Gwaggo tana kan kujera 'yar tsuguno a gefen talabijin, ba a gabanta ba, faifai a kan cinya. Ita ce mai fassara. Bature zai yi magana doguwa, ta ce, "Cewa ya yi ina kwana." In sun ɗaga kofuna ta ce, "Zoɓo ne." In namiji da mace suka fara matsowa kusa da juna, sai ta ɗaga faifan ta rufe gilashin gaba ɗaya, ta kalli sama ta ce, "Suna gaisawa. 'Yan'uwa ne." Wani lokaci gaisuwar ta yi tsawo har hannunta ya gaji, ta leƙa ta bayan faifai ta ce, "Kai, waɗannan akwai zumunci."

Ba wadda ba ta san abin da ke bayan faifan ba, ba kuma wadda ta taɓa cewa a cire.

A shekarun nan sabulu ma sai an bi layi, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Gwaggo kullum da ɗanwake a babban kwano a tsakiyar tabarma. Ba ta cewa bismillah ku ci. Cewa take, "Ku taya ni, na yi shi ya yi yawa, hannuna ba ya jin magana." Sai da na girma na lura hannun nata ya fi ƙin jin magana a ranakun da wasu mata biyu suka zo da 'ya'yansu.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Matar Direba. Haka kowa yake kiranta. Mijinta ya ɗauki lodin wake zuwa Kurmi, ya ce sati biyu, aka shekara babu shi babu labarinsa. Tana da yara biyu, ba ta kai talatin ba. Yayyenta suna ta matsa mata ta je wurin alƙali a raba auren, ita kuma ta kasa. A cikin shirin, Mai Gashin Baki shi ne mijin Doguwa, shi ma tafiya yake shirin yi. Duk ranar da ya fito, Matar Direba takan ajiye ɗinkinta.

Ni a lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar kwana, na zo hutu, Turanci yana yi mini zafi a baki. Ranar da abin ya faru, Mai Gashin Baki ya ɗauki akwati ya tsaya a bakin ƙofa ya yi magana. Gwaggo ta ce, "Ya ce ta yi haƙuri, neman abinci zai je, ko shekara nawa ya yi zai dawo."

Na ce, "Ba haka ya ce ba, Gwaggo. Cewa ya yi kada ta jira shi, ba za ta ƙara ganinsa ba."

Ban faɗa da mugunta ba. So nake a san na ji. Matar Direba ta naɗe hularta da zaren a jiki, ta saɓa ƙaramin, ta ja hannun babban, ta fita ba sallama. Gwaggo ba ta kalle ni ba. Ta ci gaba da fassara har aka gama, mata suka watse, sannan ta ce, "'Yar boko, zo nan."

Na durƙusa.

"Kin zaci sai an yi makarantar kwana ake gane mutumin da ya ɗauki akwati bai waiwayo ba? Yarinyar nan kwana uku ba ta ci abinci ba sai a nan. Abin da ke kawo ta ki ka kore ta da shi."

Na ce, "Amma Gwaggo ƙarya ce fa."

"Wa na cuta? Baturen ne zai kai ni ƙara?"

Kwana huɗu Matar Direba ba ta zo ba, kwana huɗu Gwaggo ba ta amsa gaisuwata. A na biyar na ɗauki mayafi na je gidan. Na tarar da ita tana tankaɗe. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ni ce ban ji daidai ba. Turancinsu da sauri yake. Yadda Gwaggo ta faɗa haka ne." Ta daɗe tana kallona, ta ce, "To." Washegari ta dawo rumfa.

Ba mu ga ƙarshen shirin ba. Saura kaɗan taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka yi watanni ana cewa gobe. Ran da wuta ta dawo an riga an shiga wani shiri. An kalli wasu da yawa bayansa, amma babu wanda ya shiga ran mata kamarsa. In an haɗu a biki ko suna sai ka ji ana, "Ko ya Doguwa ta ƙare?" kamar wata 'yar unguwa da aka kai aure nesa.

Sai bayan shekara goma sha wani abu aka sake maimaita shi daga farko. Ya faɗo daidai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Gari ya ɗauki zafi, ana wa'azi ko'ina, ana rufe gidajen kallo. Dattawan unguwa suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, suka sa Baba a gaba. Shi kuwa da gaske ya ɗauki abin, ba don a gani ba. Lokacin na yi aure a Kano, amma ina gida wankan jego, don haka a gabana aka yi.

Ya shigo da yamma rumfa cike da mata. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Yaya, ina son magana."

"Auta, ka bari a gama."

Mutum mai furfura, ana tashi in ya shigo masallaci, amma a bakinta Auta ne. Ya jira. Da aka watse ya ce, "Yaya, ya zan je in ce wa wani ya rufe gidan kallonsa, alhali a cikin gidana mata suna taruwa kallon Turawa marasa sutura?"

"Ka taɓa gani?"

"Ba sai na gani ba."

"A'a. Alƙali ma sai ya ji ta bakin kowa. Gobe ka zo ka zauna, in ka ga abin da ya saɓa, ni da hannuna zan kashe."

Ya zo kuwa. Aka ajiye masa kujera a ƙofar ɗakin Inna mahaifiyata, mata suka ja mayafi har goshi. Ranar faifan Gwaggo ya sha aiki, ko hannu aka miƙa sai ta rufe. A fassararta Likita ya ce insha Allahu ya fi sau goma. Baba ya kalla har ƙarshe. Washegari ya dawo, ya ce bincike bai kammala ba. Rana ta uku ma haka. A ta huɗu na ji shi da kunnena yana tambaya ƙasa-ƙasa, "Wannan tsohuwar ta san an canza jaririn?"

Na zaci magana ta mutu. Amma ranar Juma'a wani ya tare shi a gaban jama'a ya ce mai gyara ya fara da gidansa. Ya dawo bai ci abinci ba, bai kuma je wurin Gwaggo ba. Inna ce ta gaya mata. Da la'asar ta yi, mata suka zo suka tarar ta cire waya, ta naɗe talabijin a cikin tsohon zani, an kwantar da gora a bayan ɗaki.

Matan suka yi ta roƙo. "Gwaggo, saura fa kaɗan. Ko sati biyu a bari."

Ta ce, "Ni na goya shi. Ba zan zauna ana nuna shi da baki saboda ni ba."

Amma wata uku ba ta yi masa magana ba in ban da amsa gaisuwa, kuma kafin shekara ta zagayo ta tattara ta koma Kabo wurin 'yarta. Ta ce jikoki take son gani. Baba ya bi ta har can sau biyu yana ba ta haƙuri, ta ce ita ba a yi mata komai ba. Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Na taɓa tsayawa a bayan kowannensu, a shekaru daban-daban.

Abin da ban sani ba sai a zaman makokin nan shi ne, bayan an naɗe talabijin, matan sun riƙa zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya, wasu har Kabo, suna tambayar yadda aka ƙare. Sun ɗauka tunda ita ke fassara, ta sani. Ita kuma ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Tsohuwar Getso, wadda ta yi zawarci shekara bakwai, aka ce mata Doguwa ta auri Likita. Ta Garo, wadda ta fito daga gidan miji ta rantse ba ta ƙarawa, aka ba ta gona. Bafillatanar kuwa 'yarta ce ta rasu wurin haihuwa ta bar mata jariri. Yaushe Baba ya je ya yi tasa tambayar, da wane baki, ban sani ba, ba kuma zan iya tambayarsa ba.

Ko Gwaggo tana jin Turanci? 'Yarta ta rantse ta taɓa jin ta tana ciniki da wani mai kemis da Turanci tiryan-tiryan, ta ce a zaman Kano ta koya wurin maƙwabta. Baba ya ce ko kalma ɗaya ba ta sani ba. Ni da na zauna kusa da ita shekaru, wata rana fassararta takan faɗa daidai har in tsorata, wata rana kuma ta yi gabas shirin ya yi yamma.

Duk gardamar da aka yi a tsakar gida, mace ɗaya ba ta sa baki ba. Matar Direba tana jikin bango, ta tsufa fiye da shekarunta, hawaye kawai take. Shekara takwas ta jira. Daga baya wani mai fataucin goro ya kawo labarin cewa mijin ya rasu tun a shekara ta biyu, a wani gari a Kurmi, aka binne shi ba a san wanda za a gaya wa ba. Lokacin masu nemanta duk sun haƙura. Ba ta ƙara aure ba.

Da aka tashi sallah na matsa kusa da ita. Na ce, "Yaya, ke me ta ce miki?"

"Ni ma na je Kabo," in ji ta. "Na tambaye ta. Ba ta ba ni labari ba. Hannuna ta kama ta yi ta kuka, ta ce in yafe mata."

"Kin yafe?"

"Tun a wurin. Sai dai har yau ban san me na yafe ba. Ba don maganarta ba, da na yi aure na haifi wasu. Ba don maganarta ba kuma, ban ga yadda zan kai ƙarshen shekarar nan da hankalina ba." Ta gyara mayafi. "Ke ma ranar da kika zo ina tankaɗe, na san ba kuskure kika yi ba."

Shekara talatin ina ɗauke da wannan, ban san ko maganar farko ce laifina ko ta biyu ba.

Ni kaɗai ce a cikinmu na ga ainihin ƙarshen. Da na koma Kano bayan wankan jego na ƙarasa shi a ɗakina, ban gaya wa kowa ba. Wata biyu kafin rasuwar Gwaggo na je duba ta. An fito da ita inuwa da hantsi, ido ya tafi, jiki ya zube, amma kai garau. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "'Yar boko, ke kin gani ko?"

"Me, Gwaggo?"

"Kin sani."

Na ce na gani.

"To gaya mini. Yadda yake fa, ban da gyara."

Na gaya mata. Doguwar da muka yi shekaru muna tausayi, ita ce ta canza jaririn tun farko don ta ci gado. Tsohuwar Kicin ce ta tona. Ranar ɗaurin aurenta da Likita 'yan sanda suka zo suka tafi da ita da kayan amarci a jikinta. Mai Gashin Baki bai dawo ba. Daga nan aka sa kiɗa, sunaye suka hau.

Sai ta ce, "To yaranta biyu fa? Wa ya riƙe su?"

Na yi tunani. Na ce, "Ba su nuna ba."

"Ba su nuna ba?"

"A'a."

Ta ja tsaki mai ƙarfi, irin wanda ban zaci ya rage a ƙirjinta ba. "A kulle uwa, a sa kiɗa, kowa ya tashi. Ba wanda ya ce ina yara." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Tsohuwar nan za ta ɗauke su. Tana da ɗaki a bayan kicin, kuma abinci ba ya yanke mata. Babbar ta iya wanke-wanke. Ƙaramin ne zai yi ta kuka, amma zai saba."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

"Zai saba," ta sake cewa. Sannan ta ce a miƙo mata kununta kafin ya huce.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo gare ka. Ka fi mu sanin abin da ta faɗa da abin da ta nufa. Ka yafe mata na farko, ka saka mata da na biyu, ka yalwata mata makwanci, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.